Malama Muborak da Lissafin Ruwa

A ƙauyenmu da ke kusa da Namangan, kowa ya san ranar Alhamis Malama Muborak ba ta tambayar 'yan aji biyu komai. Su ke ƙirƙiro lissafi, ita kuma ta zauna a 'yar kujerarsu a warware tare. Ɗana Ilhom ya taɓa kai nasa: gurasa goma sha biyu a tanderu, kawunsa ya iso da yunwa, saura nawa? Har aka tashi ana gardama kan girman cikin kawun.

Mu iyaye mun sha ƙorafi cewa malama ta koma ɗaliba. Ta ce mana, "Yaron da bai iya tambaya ba, ko ya haddace amsa, aku ne."

Wata Alhamis da bazara, Sevara, wadda gonar mahaifiyarta ke ƙarshen magudanar ruwa, ta miƙe ta ce, "Magudana ɗaya, gonaki huɗu. Ta farko ta Tursun-aka ce, ƙanen shugaban ƙauye. In ya toshe ruwa da safe, ya buɗe da la'asar, nawa zai iso inabin mamata?"

Malama ta rubuta a allo, har da sunan. Suka ɗauki bokitai suka fita aunawa.

Washegari Tursun, wanda don girmamawa ake ce wa Tursun-aka, ya faɗo makaranta yana huci. "Malama, lissafi aka ɗauke ki koyarwa ko gulma?"

"Tursun-aka, yarinya ce ta yi tambaya. In amsarmu ba daidai ba ce, ga alli."

Shugaban makaranta ya ja ta gefe. "'Yar'uwa, ki rufa mana asiri. Goge abin nan, ki koma littafi."

"Yallaɓai, ni ba na goge tambayar yaro. Ga tsumma, goge da hannunka a gabansu."

Sai da yara suka watse ya goge. Kafin kaka aka mayar da ita wata makaranta can gindin dutse. Ta tafi ba ta roƙi kowa ba. Inabin mahaifiyar Sevara kuwa ya bushe a shekarar.

Bara na gamu da ita a kasuwa, kanta ya yi furfura, tana ƙwanƙwasa kankana. Na kira ta da sunan girmamawa, na ce, "Muborak-opa, an dai hutar da yara da lissafin Alhamis ɗin nan?"

Ta harare ni. "Yanzu malamai uku ke yi tare da ni. In za a kore mu, sai a nemo duwatsu huɗu."