Gargaza da Hanjinta

Shekarar da aka turo ni koyar da bayoloji a wata sakandare a Gwandu, muna cikin jihar Sakkwato tukuna, na tarar da 'yan aji biyar sun haddace kifi tsaf, amma ba su taɓa ganinsa yadda Allah ya halicce shi ba. 'Ya'yan manoma ne da makiyaya, daga cikin gari da su Dalijan da Maruda. Kifin da suka sani shi ne na banda, baƙi ƙirin, a nannaɗe da wutsiya a baki, wanda ake ɓarewa a zuba a miya. Ka tambaye su da me kifi yake numfashi, sai ajin ya ɗauka baki ɗaya da Turanci kamar masu tilawa. Ka zana kifi a allo ka ce wani ya zo ya nuna wurin, sai ya ɗora yatsa a kan wutsiya, ya juyo yana jiran ka yaba masa.

Abin ya hana ni sakat. Jarrabawar fita tana da ɓangaren da ake ajiye wa ɗalibi abu a gabansa, a ce ya duba, ya zana, ya sa wa kowane sashe suna. A nan 'yan bara suka zube. Wanda ya faɗi bayoloji kuwa ya yi sallama da makarantar jinya da ta aikin gona, kuma can yawancinsu suke hari. Ɗakin gwajinmu ba abin da ke ciki sai kwalabe wayam da wani ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya. Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai yaran nan sun ga ɗanyar gargaza, da ɓawonta da fukafukanta da kayan cikinta, kafin su shiga jarrabawa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda ƙanin mahaifiyata masunci ne a Kalgo, kuma matarsa, da nake kira Inna, ita ta yaye ni. Na ba wani direban a-kori-kura da ke bin hanyar saƙo, na ce a aiko mini da gargaza don makaranta. Saƙo ya iso a cikin kwando: banda ce mai kyau, har da ƙullin yaji a gefe.

Na cije, na sake aikawa, na ce ɗanya nake so, kada a kai ta kusa da wuta. Wannan karon ɗanyar ce ta zo, ba ƙarya. An kankare ta, an farke cikin, an cire kai, an yanka gunduwa-gunduwa, an barbaɗa gishiri. Direba ya miƙo mini kwanon yana murmushi, ya ce, “Innarka ta ce a gaishe ka, ka soya da wuri kada ta lalace.” Na karɓi kwano na bar bakin titi cike da takaici.

Jarrabawa na matsowa, sai na ce wa yara su hallara ranar Asabar da la'asar, ni kuma na hau babur da safe na nufi Kalgo da bokiti. Na sami Kawu a bakin ruwa yana kakkaɓe taru. Na yi masa bayani dalla-dalla, ya yi ta gyaɗa kai, ya zaɓo manya-manya masu motsi ya sa aka shiga da su gida, wai a ajiye mini a inuwa. Muka zauna a zaure. Wanda ya san gaisuwar mutanenmu ya san ba a yi mata gaggawa: gajiya, da ruwa, da mutanen Gwandu ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka shigo aka sake sabon lale. Ina cikin amsa “lahiya lau” sai kunnena ya tsinkayi ƙarar wuƙa a kan ɓawo daga cikin gida, kar-kar-kar. Ban san lokacin da na tsallake takalman mutane ba.

Inna na zaune a kan turmi da ƙwarya a gabanta, ta riga ta gama da rabi.

Na ce, “Inna, don girman Allah bar su haka nan!”

Ta ɗago. “Haka nan ƙaƙa?”

“Ɗiyan makaranta za ni gwada ma cikinsu.”

“Cikinsu? Kashi na ciki. Mi za su gani ga kashi?”

Na durƙusa na ɗaga marfin kumatun wata da wuƙa ba ta taɓa ba, na nuna mata jajayen zara-zaran nan masu kama da matsefi. Na ce ruwa yana shiga ta baki ya bi ta kansu, jini ya zuƙi iskar da ke cikin ruwan, wannan shi ne numfashin kifi, kuma shi ake tambayar yara a jarrabawa. Ta leƙa, ta taɓe baki.

“Wanga jan abu? Abincin kaji na, su muka zuba ma.” Ta sake jawo wuƙa. “Ɗan da niy yaye shi hita gidanga da kihi da hanjinai? Mata su ce mi? Su ce hannuna ya mutu?”

Na juya wajen Kawu, wanda ya biyo ni, ko zai sa baki. Ya sosa ƙeya ya ce, “Gaskiya tah hwaɗi. Ba mu ba baƙo kihi da ƙazantatai, balle ɗan gida. Kunya ta.” Wato duk gyaɗa kan da ya yi mini a bakin ruwa ladabi ne kawai.

A nan haƙurina ya ƙare. Na kwashi waɗanda suka tsira na zuba a bokiti, na danna ɗanyar ciyawa a kai, na fice da sauri kamar wanda ya yi sata, matan maƙwabta na leƙowa ta kan danga. Ina buga babur ina jin muryar Inna: “Allah shi shirye ka! Boko ya gama da kai!” Har na iso Gwandu raina a ɓace yake, don ban ga laifin da na yi ba, kuma har yau ban gani ba.

A gindin dogon yaro muka yi darasin, a kan benci, da reza. Na sa kowa ya shafa ɓawon ya ji yadda yake kwance yana kallon wutsiya. Na nuna musu layin da ya ratsa gefen jiki, wanda kifi ke jin motsin ruwa da shi. Na farke ciki na zaro 'yar jakar iskar da ke hana shi nutsewa. Da na ɗaga marfin kumatu, wata yarinya da ta fi kowa hadda, wadda aikin jinya take mafarki, ta dafe ƙirji ta ce, “Malam, ashe da gaske akwai shi?” Shekara da shekaru tana rera sunan abin, a zatonta Turawa ne suka ƙago kalmar don su wahalar da ɗalibai. Na rasa ko in yi dariya ko in jefar da rezar. Na miƙa mata kifin na ce ta zana abin da idonta ya gani, ba abin da ke kanta ba.

Inna ta yi fushi da ni sosai. Na aika gaisuwa, ba amsa. Ana gab da jarrabawa sai ga direban nan ya tsaya a ƙofar gidana, riƙe da bokiti nesa da jikinsa, ya toshe hanci da hula. A ɗaya hannun kuma kwandon banda. Ya ce, “Ta ce bandar ta ɗanta ce. Mai warin kuwa ta malamin makaranta ce, ita ba ta san shi ba.” Na buɗe. Gargaza ce cif da ɓawonta da hanjinta, ba inda wuƙa ta taɓa. Matar da ta gwammace a zage ta da ta ba da kifi haka, ita ta zuba shi da hannunta.

Yarinyar nan ta samu shiga makarantar jinya, da wasu daga cikin 'yan ajin. Ni kuwa na jawo wa kaina. Sau ɗaya a shekara nake bukatar ɗanyen kifi, amma duk lokacin da Inna ta aiko banda sai bokitin ya biyo baya, kuma motar tana tsayawa a kowane ƙauye cikin rana. Fasinjoji suka yi ta tsine mini. Matata ta hana a shiga da shi gida. Na aika na ce ya isa haka, na je da kaina na roƙa, ta ce, “Ɗiyan mutane su hwaɗi jarrabawa a ce ni ta?” Aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aka mayar da ni ofis, na bar alli da allo gaba ɗaya, bokiti bai fasa zuwa ba. Nakan ba sabon malamin bayoloji, in ya yi wari da yawa in binne a bayan gida ina mita.

Wata Laraba da hantsi direban ya tsaya a ƙofar gidana. Na fito ina shirin toshe hanci kamar kullum, sai na ga ya sauko ba kwando ba bokiti, ya zo ya tsuguna a gabana, irin tsugunon mai kawo saƙon rasuwa. Ban bari ya buɗe baki ba, na shiga na ɗauko makullin babur, sai Kalgo.