Kawu Barmo, Mai Bin Asalin Kalma

Ku da kuka san Kawu Barmo, ƙanen mahaifiyata, kun san kalma ba ta wuce shi lafiya. Kana cikin magana zai ɗaga sanda: "Tsaya! Wagga kalma ɗiyat wane gari ta?" Wallahi ko gaisuwar mutuwa ka zo sai ka amsa.

Lokacin da Turawa suka ja iyaka tsakaninmu da Ƙwanni, ya yi wa Faransawa tafinta. Ranar farko wani soja ya kira shi "Mushe Barmo". Kawu ya zabura: "Mi kac ce? Ni da raina?" Aka ce ai girmamawa ce a bakinsu. Ya ce, "To su riƙe abinsu, yankakke nika so in mutu!"

Can wani tsohon kumandan ya gaya masa cewa a zamanin kakanninsu Faransanci kashi biyu ne, kuma da kalmar "i" ake rabe su: na arewa su ce "oyil", na kudu su ce "ok". Kai, ranar Kawu ko dokinsa bai ɗaure ba ya faɗo gida. "Ashe su ma suna da 'yan mi da 'yan me!" Daga nan ya bi ƙauyukanmu ya raba mu: Hausar Garu daban, ta Lafani daban, ta bayan kasuwa ma daban.

Da wani Baturen Ingila ya zo Illela tattara kalmomi don ƙamus, Kawu aka kai masa. Bature ya so ya sa wa namu duka "Sakkwato". Kawu ya ƙi ba shi ko kalma ɗaya, ya zauna yana kallon rufi, har Bature ya gaji ya rubuta "Illela" gefen wasu. Har yau da wannan muke yi wa 'yan birni fankama.

Mutum ɗaya ce ta kayar da shi: matarsa, Inna Hajo. Ta ce masa "sakwarkwaɗi". Ya bi Fulani, ya bi Buzaye, ya tambayi malamai, babu wanda ya san ta. Ya dawo a gajiye.

"Hajo, ɗiyat ina ta?"

"Ɗiyat ɗakina ta. Don kai niy yi ta."

Ranar da ya rasu, Inna Hajo ta ce gidan ya yi shiru, kowa na magana ba mai tsai da shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa amsa tambaya.