Farar Rigar Hankaka

Kakarmu Iya Abu turarar shinkafa ce sana'arta, shi ya sa wuta ba ta cika mutuwa a gidanmu ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, dab da inda babbar hanyar ruwa ta rabu biyu. Tun da na yi wayo na tarar da rabin duro girke a kan murhu a bayan ɗakinta, tana cusa masa ɓuntu yana ci a hankali. Da an idar da sallar isha sai yaran gidan mu taru a gindin wutar, don hayaƙin yana korar sauro, kuma a garinmu sauro ba ya wasa. Kwaɗi suna ta kuka daga gonaki, tururin shinkafa yana tashi da wannan ƙamshin nasa mai ɗan tsami, Iya tana zaune a kan turmin da aka kifa, da dogon ice a hannu tana gyara wuta.

Mu biyu ne ba ma fashi, ni da Shamsu, ɗan Baffa Idi ƙanen mahaifina. Sa'anni ne mu, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Ni Iya tana ce mini angonta. Shamsu kuwa sai ta ce ba za ta aure shi ba, wai surutunsa zai hana ta barci.

Ita ba ta fara tatsuniya irin yadda kowa yake farawa. Sai ta buga icen a ƙasa ta ce, "Ga ta can tafe, ƙafarta duk taɓo."

Mu kuma mu amsa, "Ta shigo haka nan, mun ba ta tabarma."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, mafi yawansu sun ɓace mini. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta Kurege da Hankaka.

Wai namun dawa suna kokawa duk shekara bayan an yi girbi. Hankaka shi ne sanƙira. Kafin ranar kokawa yakan hau kan tsamiya ya jera 'yan kokawa daga na gaba zuwa na baya, wane ya fi wane, wane ya fi wane, duk wanda ya ji sunansa a sama sai ya aika masa da tukuici. Kullum Ɓauna ce a gaba, sai Gwanki, sai Kura. Kurege ko ambatonsa ba a yi. To shi Kurege ya daɗe yana zama a bakin fage yana kallo, har ya lura da cewa manyan nan duk ƙarfinsu a ƙirji da wuya yake, ba mai tsaron ƙafarsa ta baya. Sai ya koyi kutsawa ta ƙarƙashin ciki ya fizgi agara, ƙato ya zube. Ya yi ta gwadawa a ɓoye, ba mai gani sai amininsa Hankaka.

"Ana gobe kokawa," in ji Iya, "sai Hankaka ya hau tsamiya ya gyara murya. Ya ce bana Kurege ne a gaba, ya fi Ɓauna, ya fi Gwanki, ya fi Kura. Jama'a suka fashe da dariya. Ya ce to ku saurara ku ji dalili. Ya kwashe komai ya faɗa, ta inda Kurege yake shiga, da jijiyar da yake kamawa."

Da gari ya waye, kowane ƙato ya zo fage da ƙayar aduwa ɗaure a ƙafafunsa na baya. Kurege ya kutsa, ƙaya ta tsaga masa baki, Ɓauna ta taka shi. Da kyar ya ja jiki ya faɗa rami. Shi ya sa har yau a rami yake kwana, kuma in ya fito sai ya miƙe tsaye ya duba gabas da yamma kafin ya yi taku ɗaya. Manyan dawa kuwa suka haɗu suka ɗinka wa Hankaka farar riga don ya tsamar da su daga kunya. Ita ce farin nan da ke ƙirjinsa.

"Ƙurunƙus," ta ce, "wanda bai ƙoshi ba ya je kwaɗi su ƙara masa."

Na ce, "Iya, ai ba ta ƙare ba. Me aka yi wa Hankaka?"

Ta ce, "Me kuwa za a yi masa, angona? Ƙarya ya yi?"

Na ce ai ya ci amana. Ta ɗaga buhun da aka rufe duron da shi, ta ɗebo shinkafa ta murza a tafin hannu, ta ce ba ta yi ba tukuna. Shamsu kuwa abin da ya dame shi daban ne, so yake ya ji wa Hankaka ya sa a gaba da shekara ta zagayo.

Iya ta rasu muna samari. Na yi sakandare na tsaya, na samu aiki a wani injin casar shinkafa a Kura. Shamsu ya buɗe shagon caji da gyaran waya kusa da tasha. A shagonsa na fara ganin wasan katin nan na waya. Wasa ne da mutum zai tara katuna, kowanne da hoton jarumi ko dodo ko tsafi a jikinsa da irin aikin da yake yi, sai ka zaɓi wasu ka haɗa su wuri ɗaya ka kara da wani, wataƙila yana Zariya, wataƙila yana bangon duniya. Abin da ka zaɓa ɗin nan mu haɗi muke ce masa. Rabin nasara tun daga haɗin ake samunta, kafin ma a fara wasa.

Ni wasan nake so. Shamsu magana a kan wasan yake so. Duk lokacin da aka shiga sabon zango aka fito da sababbin katuna, sai ya kafa waya a kan kanta ya ɗauki bidiyo da Hausa, ya jera haɗe-haɗen da suka fi ƙarfi: ga na sahun gaba, ga na tsakiya, ga waɗanda ya ce ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Yana da baki, yana da ban dariya, samari suna kallo. Amma dai mabiyansa ba su wuce na Kano da kewaye ba.

A wannan zangon, duk haɗin da ke sahun gaba a kan manyan dodanni ya dogara. Mutum zai yi ta jan wasa har ya samu damar sauke dodonsa, daga nan sai kisa. Ni ba ni da irin waɗannan katunan, ba su faɗo mini ba. Sai na koma kan ƙananan da kowa yake watsarwa. Watanni na yi ina juya su, a lokacin hutun cin abinci, a kan buhuna, ƙurar inji tana shiga mini hanci. A hankali na gano cewa in aka jera wasu ƙananan a kan tsari, suna cika fili tun da wuri su gama da mutum dodonsa yana hannunsa bai sauka ba. Na sa wa haɗin suna Ɓuntu. Lagonsa ɗaya ne, wani kati da ake kira Ambaliya, mai share duk ƙananan katuna lokaci guda. Amma ba mai ɗaukar Ambaliya a lokacin, don ba ta yi wa dodanni komai.

Sai aka sanar da gasa. Za a fafata ta waya daga ko'ina a yankinmu na Afirka, waɗanda suka kai gaba a kai su Legas wasan ƙarshe, kuma an ce ƙungiyoyin da ke ɗaukar 'yan wasa aiki za su zo kallo. Ni a lokacin tari ya riga ya kama ni. A asibiti an ce mini ƙurar inji ce, in da hali in canza sana'a. Ban gaya wa kowa ba sai Shamsu, kamar yadda ban nuna wa kowa Ɓuntu ba sai shi.

Kullum bayan la'asar mukan hau babur mu je bakin hanyar ruwa wajen Kadawa, inda sabis ya fi ƙarfi. Ya ɗauki duk haɗin da ake ji da shi ya kara da ni, ina kayar da shi. Ran nan ya ajiye waya a cinya ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Nura, wallahi wannan abin ba a taɓa ganin irinsa ba. Legas ka tafi ka gama."

Na ce, "To ka riƙe mini shi. Ko a mafarki kada ka faɗa."

Ya ce, "Haba ɗan'uwa. Bakina ƙanen ƙafata."

Ana saura 'yan kwanaki gasa, ina bakin inji, wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana murna. "Ga ɗan gidanku yana yabonka." Na kashe inji na karɓa. Shamsu ne a shagonsa, ya sa hula sabuwa, yana jera haɗe-haɗen zango. Ya gama da na baya, ya gama da na tsakiya, ya zo sahun gaba ya ture dodannin gefe. Ya ce bana akwai abin da ya fi su duka, kuma ɗan Kura ne ya ƙirƙiro shi, ɗan'uwansa na jini. Ya nuna katunan ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna wanda ake fara saukewa da wanda ake ɓoyewa. Daga ƙarshe ya matso da fuska kusa da waya ya ce, "In kuma da shi aka haɗa ka, ga maganinsa." Ya nuna Ambaliya.

Bidiyon ya yi tafiyar da babu wani nasa da ya taɓa yi. Wasu suka fassara shi, ya shiga zaurukan 'yan wasa na ƙasashen da ban san sunayensu ba. Ranar gasa na zauna a bakin ruwa ni kaɗai. Wanda aka fara haɗa ni da shi ya bari na cika fili, ya sauke Ambaliya. Na biyu ma haka. Na uku kuwa da Ɓuntu ya zo mini, nawa sak, har da katin da nake ɓoyewa, kuma katunan da suka faɗo masa a hannu sun fi nawa kyau. Kafin a kira magariba an fitar da ni.

Daga nan shagon Shamsu na wuce. Na tarar da samari cike, ya ce su ba mu wuri.

Na ce, "Shamsu, me na yi maka?"

Ya ce, "Wallahi ban zaci zai bazu haka ba. Kuma ka duba, da ban faɗa ba, da ka buga wasa biyu wani zai kwafa ya ce nasa ne. Yanzu kowa ya san naka ne. Ai na ambace ka."

"Ambaliyar fa? Ita ma don a san nawa ne?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da wayar caji. Can ya ce, "In na jera haɗi ban faɗi maganinsa ba, ba wanda zai ƙara yarda da jerina."

Na juya na fita. Maganar ta kai gida, Baffa Idi ya tara mu a zaure ya ce shi bai taɓa jin inda aka yanke zumunci a kan wasan waya ba, ko kunya ba ma ji. Aka ce mu yi musabaha, muka yi. Ba a daɗe ba masu shirya gasar suka nemi wanda zai yi sharhin wasan ƙarshe da Hausa. Shamsu suka kira. Shi ya je Legas.

Na daɗe ina jin haushin Iya a kan wannan tatsuniyar. Sauran tatsuniyoyinta duk mugu yana gamuwa da sakamakonsa, ko rijiya ta ci shi, ko a kore shi daga gari. Ina yaro na ɗauka shinkafar da ke kan wuta ce ta ɗauke mata hankali ta manta da ƙarshen. Yanzu na san ba mantuwa ba ce. Matar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da shinkafa ta hannun dillalai ta san wanda ke shan zafin wuta, ta san wanda ke tsaye a inuwa yana faɗin wadda ta fi kyau. Ta gaya mana yadda abin yake, ba ta sa masa sukari ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wuri ɗaya muka zauna muka ji ta, hayaƙi ɗaya ya shiga idonmu. Ni na tashi da tausayin Kurege. Ban taɓa tambayar kaina da me Shamsu ya tashi ba.

Har yanzu ina injin, tarin yana tafiya yana dawowa. Muna gaisawa da Shamsu, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Kwanan baya aka shiga sabon zango, ya zo har bakin inji da lemo mai sanyi a leda, ya jira na kashe.

Ya ce, "Ka ga sababbin katunan nan kuwa? Na san kanka ba ya zama haka nan. Zo mu je bakin ruwa mu gwada, kamar da."

Akwai haɗi a wayata a lokacin. Na yi makonni ina gina shi, kuma na san yana da rami a wani wuri da ni kaɗai ba zan iya gani ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne zai kara da ni sau biyu ya nuna mini inda ramin yake, ga shi tsaye a gabana da leda a hannu.

Na ce, "Ai na daina wasan."

Ya ce to, Allah ya kyauta. Ya ajiye lemon a kan buhu ya tafi, ni kuma na tayar da inji.