Takardar Watan Afrilu ta Jolene

Akwai laifin da mutanen kirki suka fi kowa aikatawa: su sa hannu a takarda saboda ƙauna, su bar wa mai rai nauyin fassara ta. Myron Hryciuk, manomin alkama a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, ya aikata shi yana ɗan shekara talatin da huɗu. Kafin a fara masa maganin sankara, likitoci suka daskarar da maniyyinsa, suka tambaye shi a rubuce ko matarsa za ta iya amfani da shi bayan ransa. Ya amsa da "e" yana dariya, ya ce mata, "Jolene, ko na tafi ba ki rabu da ni ba." Bayan wata tara aka binne shi.

Jolene direbar motar 'yan makaranta ce, mace mai auna magana kafin ta furta. Kowane watan Afrilu asibitin kan aiko mata takarda mai gurbi uku: a yi amfani, a zubar, ko a ci gaba da ajiya. Ta san izini ba umarni ba ne. Amma wanda ya ba da izinin ba ya nan balle a tambaye shi ko da gaske yake, don haka wasan ya zama wasiyya. In ta haifa, ta ƙirƙiri maraya da gangan. In ta zubar, ta sake binne mijinta da hannunta.

Surukarta Orysia ba ta ga wani ruɗani ba. Ranar Lahadi bayan coci, suna naɗe shinkafa a ganyen kabeji, takan ce, "'Yata, jikana yana jin sanyi a can. Har rigar baftisma na ɗinka masa."

"Mama, babu jika. Kwalba ce."

"Kwalba! Ke da ke kwasar 'ya'yan mutane arba'in kullum, guda ɗaya naki ne ya gagare ki?"

Wani makanike mai suna Dale ya nemi aurenta. Ya ce, "Da mai rai ne, da na san yadda zan yi da shi. Amma yaya zan yi takara da mutumin da ke cikin ƙanƙara?" Ta yi dariya, ta ce ya jira Afrilu. Ya jira sau uku, sannan ya auri wata.

Ba tsoro ne ya hana ta ba. Kowace hujja ta auna, sai ta tarar da wata mai nauyi daidai da ita a ɗaya gefen, shekaru kuwa ba su tsaya jiran awon ba.

Orysia ta rasu, ta bar mata rigar a akwati. Maƙwabta suka sayi gonar. Jolene ta yi ritaya tana da shekara sittin, likitoci sun daɗe da cewa lokacin haihuwarta ya wuce. Takardar ba ta daina zuwa ba, ita ma ba ta daina sa alama a gurbi na uku ba.