Ɗigo Uku a Bangon Zaure

A shekarar da aka yanke layukan waya a Borno, ina haya a Galtimari, ina koyar da kimiyyar lissafi da sararin samaniya a jami'a. Na shafa baƙin fenti a bangon zaurena na mayar da shi allo, domin takarda ba ta isata in ina tunani.

Abin da ke kan allon ba shi da yawa. Ɗigo uku ne, layi ya haɗa su, sai kibiyoyi da ke nufo su daga gefe.

Wata ranar Laraba bayan la'asar Bulaman unguwarmu ya yi sallama, 'yan gora biyu, wato matasan sa-kai masu sintirin tsaro, na biye da shi. Bai karɓi tabarmar da na shimfiɗa ba. Bangon ya nufa kai tsaye, kamar wanda aka riga aka kwatanta masa.

"Malam, waɗanne wurare ne ukun nan?"

"Ranka ya daɗe, ba a ƙasa suke ba. Na'urori ne da masana ke son harbawa sama."

"Su harbi wa?"

Nan na gane na yi zaɓen kalma mara kyau. Na sake farawa a hankali. Na ce idan manyan taurari biyu da suka mutu suka yi karo, sararin samaniya kansa yana girgiza. Na'urorin za su riƙa aika wa juna haske don auna girgizar. Sai dai rana tana feso wata siririyar iska mai ɗauke da lantarki, ana ce mata filasma, idan hasken ya ratsa ta sai ta ɗan gurɓata awon. Kibiyoyin ke nan. Aikina in lissafa yawan hayaniyar da take sakawa, don kada a ɗauke ta a matsayin saƙon gaske.

"Saƙo daga wa?" in ji ɗaya daga cikin 'yan goran.

Bulama ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce in goge a gabansa. Na goge. Suka tafi da kwamfutata, ba ta dawo ba sai bayan shugaban sashenmu ya je da kansa ya tsaya mini.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, zauren nan a rufe yake kullum. Maƙwabcina tela ne kaɗai ke shigowa, mukan sha shayi tare. Matata ta ce kada in ɗauki alhakinsa, akwai tsaga a jikin taga. Na je na leƙa ta tsagar daga waje. Rabin allon kawai ake gani.

Ban daina gaishe shi ba, amma na koma shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida. Shi ma bai tambayi dalili ba, wannan kuma ya ƙara damuna.

Bayan damina muka haɗu da telan a wani taron suna a Moduganari. Muna cin shinkafa a faranti ɗaya ya ce, "Malam, an shawo kan hayaniyar nan ta rana kuwa?"

Ba ya nan ranar da na yi bayanin. Amma 'yan gora ma suna kai masa ɗinki, kuma ba a san su da riƙe magana ba. Na dubi fuskarsa, ban ga komai ba sai maiƙo a leɓe.

"Da saura," na ce, na tsame hannuna daga farantin.