Gaisuwar Dakta a Tasha ta Sha Shida

Absalom mutumin Billiri ne, kuma bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Dadin Kowa ba sai da ya sauka Doha. Gyaran rediyo da talabijin ya koya a Gombe. Matarsa Liatu ce ta fara samun aikin nas, shi ya biyo bayanta, suka kama ɗaki a unguwar Abu Hamour. Bayan ya sha zaman gida, sai ya samu aiki a wata matsayar jiragen shaƙatawa, yana haɗa wa masu kwale-kwale rediyon oba-oba. Shekararsa takwas ke nan a wurin, kuma a shekara takwas ɗin nan babu abin da ya ƙware a kai kamar raina masu jirage.

Yana da hujja. A teku akwai tasha guda, ta sha shida, wadda kowane jirgi ke barin rediyonsa a kanta. Ta kira ce da neman ceto. Ka kira, a amsa, ku koma wata tasha ku yi surutunku. Muddin mutum ɗaya ya danne maɓallin magana, na kusa da shi ko nutsewa yake ba mai jin sa. Wannan ɗan karatun ne ya gagari manyan mutane masu digiri. Ran Asabar sai su ɗora farar hula, su maƙala baƙin tabarau, kowa ya zama kyaftin. Wannan ya tambayi inda kifi ke ci, wancan ya saka wa duniya waƙar da yake so. Akwai wanda ya taɓa zaune makirfo da ɗuwawu, aka yi rabin awa ana jin yana faɗa da surukinsa. Absalom kan saurara daga shagonsa, ya yi tsaki, ya ci gaba da ƙona dalma.

Sai ga na gida ya shigo sahu.

Dakta Siddiq mai bincike ne a jami'a, ɗan Gombe, ya girmi Absalom da shekara goma sha biyar. Shi da abokan aikinsa suka haɗu suka sayi wani tsohon kwale-kwale mai inji. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Lokacin da Liatu ta haihu ba kowa nata a ƙasar, matar Dakta, Hajjo, ce ta riƙa tasowa daga unguwar Al Gharrafa har sati biyu tana dama mata kunun kanwa. To amma kirki daban, hankalin teku daban. Dakta bai taɓa buɗe baki ya yi magana ba tare da gaisuwa ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ƙarfe ya canza masa tarbiyya ba.

Da ya fita daga matsaya sai ya ɗauki makirfo. "Salamu alaikum. Absalom, Absalom. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya Madam, yaya 'yar tawa? Ta fara tafiya kuwa? Oba." In bai ji amsa ba, ya maimaita, ya ƙara da labarin yanayin ruwa. Masu gadin teku su tsawatar da Turanci, su tsawatar da Larabci, shi kuwa ya ba su haƙuri, ya tambayi lafiyar iyalinsu su ma.

Ba wanda ke jin Hausa a wajen, amma kowa ya ji suna. Har aka kai ma'aikata na yi wa Absalom "ina gajiya" in ya wuce. A Asabar ta huɗu manaja ya kira shi ofis. Ya ce ƙorafi ya zo a rubuce, da sunan ma'aikacinsa a ciki. "In na sake jin sunanka a tashar nan, khalas, shi ke nan. Ka nemi wani kafil, wani uban gidan da zai tsaya maka a ƙasar nan."

Abin da ya rage shi ne ya je ya ce wa Dakta ya bari. Magana ce ta minti ɗaya. Amma Absalom, wanda ke iya zage kyaftin goma a zuciyarsa kafin shayinsa ya huce, ya kasa kallon idon babba ya ce masa ya yi kuskure. Sai ya shiga kewaye-kewaye. Ya manna takardar dokoki a jikin sitiyari, Dakta ya yaba kyan rubutun. Ya mayar da rediyon tasha ta saba'in da biyu, ta hira, Dakta ya murɗo ta baya, don ai ya karanta cewa a sha shida ake zama. Ya tura Liatu ta gaya wa Hajjo, saƙon ya isa a matsayin cewa Absalom na jin daɗin gaisuwar, aiki ne ke hana shi amsawa.

Ran Alhamis da la'asar ya shiga kwale-kwalen da sunan duba batir, ya sa hannu bayan rediyo ya kwance wayar eriya. Rediyon zai kawo wuta, zai yi shuu kamar lafiyarsa ƙalau, amma murya ba za ta je ko'ina ba. Ya fito yana jin kansa mai dabara.

Ran Asabar da hantsi yana bakin shago sai ya hango Dakta. Ba da abokansa ya zo ba. Hajjo ce a bayansa da kular abinci, sai 'ya'yansa mata biyu, Firdaus da Jidda, sanye da rigunan ceto da suka yi musu yawa. Tsibirin Safliya za su. Absalom ya dubi allon sanarwa, ya ga an rubuta iskar arewa za ta taso bayan azahar. Ya san injin nan, shi ya san sau nawa ya mutu a bana. Tsoro ya kama shi, ga kunya, don a duk sakarkarun da ya shekara takwas yana yi wa tsaki babu wanda ya taɓa tura yara teku da mataccen rediyo.

Dakta har ya tayar da inji lokacin da Absalom ya iso da gudu. Bai yi sallama ba. Ya durƙusa ya ɗaura wayar.

"Lafiya, Absalom? Ta lalace ne?"

"Ni na kwance ta, ranka ya daɗe. Shekaranjiya."

Dakta ya kashe injin. Absalom bai ɗago kai ba, ya faɗi komai: tashar ba ta gaisuwa ba ce, yana toshe bakin masu neman ceto, ana yi musu dariya, kuma saura kira ɗaya a kore shi daga aiki. Hajjo ta jawo 'ya'yanta jikinta.

Dakta ya dube shi. "Da ka zo gida ka gaya mini, da na bari tun ranar," ya ce a hankali. "Amma ka gwammace na fita da yaran nan haka." Ya juya ga matarsa. "Hajjo, ku sauko. Mu je gida."

Tasha ta sha shida ta huta, manaja ya daina hararar Absalom, aiki ya tsaya. Dakta bai kai ƙararsa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Har yau yakan zo ran Asabar, ya wuce ta ƙofar shagon, ya ɗaga hannu kaɗan kamar yadda ake yi wa mai gadi. Wani Bafilipine ne ke duba masa rediyo yanzu. 'Yar Absalom ta fara tafiya a watan jiya, kuma babu wanda ya tambaya.