Farar Shadda a Kan Babur Mai Taya Huɗu

Ta saman katanga na fara hango shi. Wani jan abu mai taya huɗu ya taso sama, ya ɗan tsaya a iska kamar ya manta hanyar ƙasa, sannan ya ɓace. Na damƙi hannun Alhaji na ce, "Ka ga abin da na gani?"

"Babur ne, Bakano," in ji shi. "Rufe bakinka, akwai ƙuda a nan."

Alhaji mutumin Kumasi ne, ɗan zango, shi ke yi wa yayana lodin kaya a kwantena. Yayan nawa ne ya turo ni Guangzhou ta ƙasar Chaina a ƙarshen shekarun casa'in in saro masa takalma a kasuwar Zhanxi. Na gama sayayya, jirgina sai ƙarshen mako, shi ne Alhaji ya ce in raka shi wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, can cikin gonakin ayaba da tafkunan kifi, zai duba baburan da zai aika gida.

A lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Duk wanda mai hayar littattafai na bakin kasuwarmu ya ajiye na karanta shi, wasu har na haddace. A cikinsu saurayi kan dawo daga ƙasar waje da wani abu da zai sa budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ni ma ina da wadda nake zuwa zance wurinta, 'yar telan layinmu, sai dai ita ba ta taɓa sunkuyar min da kai ba. Dariya take min. Ranar da na je sallama ta ce, "Kai da ko akuya ce ta gifta sai ka sauka ka tura babur, me za ka iya a Chaina?" Saboda haka tun kafin jan abin nan ya sauka, ni na riga na ga hotona a kansa, hoton a hannunta, ga mayafin ga komai.

A bayan masana'antar akwai fili na jar ƙasa, an tara tudu a tsakiyarsa ya kai ƙuguna, nan suke gwada baburan kafin a sa su a akwati. Mai tuƙin ya zagayo ya cire hular kwano, sai ga mace, gajeriya, sa'ar innata, da haƙorin zinare guda. Ita ce mai wurin, kowa lauban yake ce mata, wato shugaba a yarensu. Na matsa wa Alhaji ya roƙar min ita ta bar ni in hau, tunda shi yana jin yarensu. Ta dube ni tun daga hula har takalmi ta yi magana.

"Ta ce ka iya babur?"

"Tun ina yaro."

Ya mayar mata. Ta girgiza kai.

"Ta ce ai shi ne matsalar."

Ban gane ba sai da na hau. Na kama hannun babur ina murɗa totur, shiru, babu abin da ya motsa. Ashe wani ɗan ƙarfe ne ake dannawa da babban yatsa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana jikina. A lungunanmu, in ka hango tudu ko kwata, sai ka sassauta mai ka sauke ƙafa ɗaya kana jan ƙasa. Haka kowa ya koya, haka muka tsira da haƙoranmu. Na nufi tudun nan da ƙarfina, yana matsowa yana ƙara tsawo, yatsana ya saki kansa, ƙafata ta sauka ba tare da ta yi shawara da ni ba. Tayar baya ta cafke takalmina ta tauna shi ta tofar. Allah ya taimake ni ƙafar ta zare. Ma'aikata suka fito bakin ƙofa da kwanukan shinkafarsu suna kallo.

"Saurayin littafi," in ji Alhaji, yana ɗaga takalmin da yatsa biyu. "A wane shafi aka ce ya tafi gida da ƙafa ɗaya?"

Na yi dariya. A motar komawa na ce na haƙura. Kafin mu kai tashar jirgin ƙasa na sake ganin mayafin nan, na ce gobe ma zai je?

Lauban ba ta bar ni na kusanci babban tudun ba. Ta sa aka zuba wani ɗan ƙarami wanda ko kaza za ta tsallake, ta ce in yi ta binsa. Da hannu take koyar da ni. Ta buge min gwiwa in lanƙwasa, ta ɗaga ni daga kan kujera in tsaya, ta ɗora babban yatsanta a kan nawa ta danne, don in ji yadda mai ke tafiya daidai, ba ƙari ba ragi. In ƙafata ta yi alamar sauka sai ta daka tsawa, "Meyo," wato babu. Har a mafarki na riƙa jin meyo ɗin nan.

Saura ido. Duk lokacin da na kalli tudun, sai tsoro ya dawo. Alhaji ya nuna min wata bishiyar ayaba can gaba da inda ake sauka.

"Ga 'yar tela can tana jiranka. Ka kalle ta, ka bar kallon ƙasa."

"Alhaji, ayaba ce fa."

"Kai da kake soyayya da takarda, ayaba za ta gagare ka?"

Wallahi ya yi aiki. Na kafe ayabar da ido, ganyenta na kaɗawa kamar mayafi, sai kawai na ji tayoyin sun rabu da ƙasa, ɗan kaɗan, kamar tsawon tafin hannu. Na sauka ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai. Aka ƙara ƙasa a tudun. Aka sake ƙarawa.

Ana gobe zan tafi na zo da farar shaddata, wadda ta sha bugu da sitati tun daga Kano. Mu ba a ɗaukar hoton da za a kai wa budurwa da ƙananan kaya. Lauban ta kama gefen rigar ta ce meyo. Na roƙe ta. Ta yarda, amma hular kwano dole, kuma in cusa rigar a wando. Na cusa. Fim ɗin kyamarata saura hoto ɗaya, don na ƙarar da shi a kan gadoji da furanni. Na miƙa wa Alhaji kyamarar, na koma ƙarshen fili, na faki idon lauban na zaro rigata ta sauko har gwiwa. Wace budurwa za ta sunkuyar da kai don mutumin da ya cusa shadda a wando?

Na danna. Na miƙe tsaye, ido a kan ayaba. Babban tudun ya shige ƙarƙashina, ƙarar injin ta canza, komai ya yi sakayau. A daidai nan iska ta shiga ƙarƙashin rigar ta ɗaga gabanta ta lulluɓe min kai gaba ɗaya. Ba ayaba, ba ƙasa, ba sama, sai fari fat da ƙamshin sitati. Na jira ƙafata ta sauka, yatsana ya saki. Ba su yi ba. Gwiwoyina suka karɓi ƙasa da kansu, babur ya ɗan yi tsalle ya miƙe, na lalubo birki.

Da na yaye rigar, Alhaji na durƙushe yana riƙe da ciki. Lauban ta zo ta ɗaka min duka a kan hular kwano, ta cusa min rigar da hannunta, sannan ta nuna tudun. Na sake. Na sake. Na yi ta tashi har rana ta yi sanyi, ina ihu da Hausa a cikin gonakin mutane, kuma duk waɗannan masu kyaun babu fim.

A kusa da tasha aka wanke hoton. Ga jan babur a sama sosai, ga wani farin abu a kansa kamar an shanya zanin gado. Da na koma gida, haka na kai wa 'yar tela. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ina kai?" Ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta mayar min da hoton ba.

Yanzu ita ke zuwa Guangzhou, ta fi ni sanin kasuwar Shahe, kayan yara take sarowa. Wata shekara ta ɗauki mota ta je neman filin, ta tarar da dogayen benaye, babu ayaba ko ɗaya. Hoton yana ɗakinta a saman madubi. In jikokinmu suka tambaye ta wane ne, sai ta ce ita ma har yau ba a kawo mata shaida ba.